Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki: Nasiha Ga Ɗan'uwan Da Rasuwa Ta Riska Yana Nesa Da Gida

Da sunan Allah muke farawa, Mai rayawa Mai kashewa, wanda Shi kaɗai ne ba Ya mutuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W), wanda ya tashi maraya, 'ya'yansa shida suka riga shi komawa ga Allah, bai taɓa faɗin abin da zai fusata Ubangijinsa ba. Allah Ya ƙara yarda ga alayensa da sahabbansa, da Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani, da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, da dukkan waliyyan Allah.



Kowa ya san yadda makoki yake a wurinmu. Da an yi rasuwa a Filinge ko Shikal ko Tukunus, kafin rana ta faɗi an sallaci mamaci an kai shi makwancinsa. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza a waje mata a ciki, mutane su yi ta zuwa gaisuwa. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, wasu su sake taruwa ranar arba'in. Daga nan sai a naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa ko kasuwarsa. Wanda aka yi wa rashin kuwa, a lokacin ne yake fara jin nauyin abin da ya same shi, domin hayaniyar da ta ɗauke masa hankali ta lafa, ya rage daga shi sai zuciyarsa.

Akwai kuma wanda ko tabarmar bai zauna a kai ba. Tsakanin Filinge da Yamai kusan kilomita 180 ne. Ɗalibin da aka kira yana cikin aji a Jami'ar Abdu Mumuni, ko a Jami'ar Musulunci ta Sayi, kafin ya samu mota ya wuce Baleyara da Bonkuku an riga an dawo daga maƙabarta. Samarinmu da suka tafi biɗa Abijan, Kwatano, Lome, Kumasi, Libiya ko Aljeriya, su ko gaisuwar bakwai ba su samu. Ga kuma halin da yankinmu ya shiga. Tun watan Maris na 2017 aka sanya dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da wasu sassan jihar Tillaberi, a farkon 2020 aka hana hawan babur. A ranar 25 ga Disamba 2019 an kashe jami'an tsaro 14 a wajen Sanam. A ranar 9 ga Janairu 2020 sojoji 89 suka rasa rayukansu a Shinagodar. A ranar 15 ga Maris 2021 an kashe mutum 58 mafi yawansu suna hanyar dawowa daga kasuwar Banibangu. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne, mijin wata ne, uban wasu ne. Ƙauyuka sun watse, hanyoyin da ake bi a je gaisuwa sun zama abin tsoro.

Saboda haka da yawa daga cikinmu, musamman mu matasa, wayar salula ce ta zama tabarmar makokinmu. Ta cikinta labarin yake zuwa, ta cikinta ake yi mana gaisuwa, kuma idan dare ya tsala barci ya ƙi zuwa, ita muke ɗauka muna laluben abin da zai sanyaya mana zuciya. Wannan nasiha ga mai irin wannan hali take, da kuma 'yan'uwansa na zawiya waɗanda haƙƙinsa yake wuyansu. Ni ɗalibi ne, ƙaramin almajiri a cikinku. Abin da na ji daga bakin malamanmu ne nake tunatar da kaina da ku.

Hawaye ba ya ɓata haƙuri

Abu na farko da Shaiɗan yake shiga ta kansa shi ne ya ce maka: kai muridi ne, kana wuridi safe da yamma, ga shi kuma kana kuka kamar wanda bai san ƙaddara ba. Sai mutum ya haɗa baƙin ciki biyu, na rashi da na zargin kansa.

Ɗan'uwa, ka dubi Ma'aiki (S.A.W). Lokacin da ɗansa Sayyadi Ibrahim yake gargarar mutuwa a Madina, ya ɗauke shi ya sumbace shi, hawaye na zuba daga idanunsa masu albarka. Sayyadi Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai Annabi ya sanar da shi cewa wannan hawaye rahama ce, ya kuma nuna cewa ido zai zubar da hawaye, zuciya za ta yi baƙin ciki, harshe ne kawai ake tsarewa daga abin da Allah ba Ya so. Shekarar da Nana Khadija (R.T.A) da baffansa Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta 10 bayan aike, har yau malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Bayan shekaru masu yawa, idan aka yanka akuya a gidansa yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija da nama. Bai manta da ita ba, ba a kuma umarce shi da ya manta ba.

Ka dubi Annabi Yakubu (A.S) a cikin Suratu Yusuf. Ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, amma Alƙur'ani bai zarge shi ba, domin kukansa ga Allah ya kai shi.

Malaman tasawwufi suna kawo labarin Fulailu ɗan Iyali, wanda aka gan shi yana murmushi ranar da ɗansa Aliyu ya rasu, saboda yarda da abin da Allah Ya zaɓa. Wannan hali ne babba. Amma malamai sun ce halin Ma'aiki ya fi shi cika, domin zuciyar Annabi ta ɗauki abu biyu a lokaci guda, yarda da hukuncin Allah da tausayin abin halitta. Don haka kada ka auna kanka da murmushin Fulailu ka ce ka gaza. Abin da shari'a ta hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganganun da ke nuna an ƙi hukuncin Allah. Idan ka tsira daga waɗannan, ka yi istirja'i, ka shaida cewa kai da wanda ka rasa duk mallakar Allah ne kuma wurinSa za ku koma, to kana cikin masu haƙuri ko da matashin kanka ya jiƙe da hawaye kowane dare.

Ga wanda bai samu jana'iza ba

Ciwo na biyu shi ne na wanda yake nesa. Zai yi ta cewa: da ina gida da na kai ta asibiti da wuri, da na ɗauki wayarsa ta ƙarshe, da na zuba masa ƙasa da hannuna. Annabi (S.A.W) ya gargaɗe mu da kalmar "da", ya nuna cewa ƙofa ce da Shaiɗan yake shigowa ta cikinta. Ajali ba ya jiran mota, ba ya kuma duba ko akwai rezo a ƙauye.

Ka san cewa Shugaban halitta da kansa bai halarci jana'izar 'yarsa ba? Nana Ruƙayya (R.T.A) ta rasu a shekara ta 2 bayan hijira, yana filin Badar. Sayyadi Zaidu ɗan Harisa ya shigo Madina da bushara ta nasara a daidai lokacin da aka gama rufe kabarinta. Idan rashin halartar jana'iza aibi ne, da Allah bai ƙaddara shi ga MasoyinSa ba.

Sayyadi Sa'adu ɗan Ubada (R.T.A) shi ma mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari. Da ya dawo, sai ya tambayi Annabi ko sadakar da zai yi mata za ta amfane ta. Annabi ya tabbatar masa za ta amfane ta, sai ya ba da gonarsa sadaka saboda ita. A wata ruwayar ya tambayi wace sadaka ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Mu mutanen Kurfai ba sai an yi mana bayanin darajar ruwa ba. Duk wanda ya ga layin jarkoki a bakin rijiya a watan Afrilu ya san abin da guga ɗaya yake nufi.

A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yin sallar jana'iza ga mamacin da ba ya gaban masu salla, malamanmu suna ganin sallar da Annabi ya yi wa Najjashi sarkin Habasha ta keɓanta da shi. Amma ƙofar addu'a da sadaka a buɗe take, ba ta da nisa ba ta da kusa. Kuma mu 'yan ɗarika mun fi kowa sanin wannan. Shehu Tijjani (R.T.A) ya yi wafati a Fas a 1815, babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ganinsa. Shehu Ibrahim ya yi wafati a Landan ranar 26 ga Yuli 1975, aka kai shi Madina Baye a Kaulaha, mafi yawan muridansa na Nijar da Nijeriya da Gana ba su samu sallarsa ba. Shehu Abubakar Hashim na Kiyota ya koma ga Allah a 2004, da yawa daga cikinmu muna yara ƙanana. Duk da haka kullum muna kyautar da ladan karatunmu gare su, muna jin kusancinsu a zukatanmu. Hanyar da Fatiharka take bi ta isa Fas, ita ce za ta bi ta isa kabarin mahaifiyarka a bakin dallol.

Abin da ke cikin waya

Yanzu sai mu zo kan wayar da take hannunka da tsakar dare. Wanda ya nemi bayani a intanet kan yadda ake jure rashi zai tarar da abubuwa da yawa, mafi yawansu da Faransanci ko Turanci ko Larabci. Akwai mai amfani a ciki. Hikima ɓatacciyar dabbar mumini ce, inda ya gan ta ya kama. Amma sai da tankaɗe da rairaya.

Za ka yawaita cin karo da maganar matakai biyar na baƙin ciki: musu, fushi, roƙon sassauci, ƙuncin rai, sannan karɓar abin da ya faru. Wata likita 'yar asalin Suwizalan mai suna Elisabeth Kübler-Ross ce ta kawo su a 1969, kuma daga hirarta da marasa lafiya masu jiran ajali ta tsamo su, daga baya ne mutane suka ɗora su a kan waɗanda aka yi wa rasuwa. Kada ka ɗauke su kamar ajujuwan makaranta da sai ka gama ɗaya za ka shiga na gaba. Wani ba ya fushi ko kaɗan, wani ya yi wata uku lafiya sai ranar Sallar Layya ya ga gurbin mahaifinsa a wurin yanka, abin ya dawo masa sabo.

Wasu masana biyu daga ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun kawo wani bayani a 1999 wanda ya fi kusa da abin da muke gani. Sun ce mai baƙin ciki yana kai-komo ne tsakanin hali biyu: wani lokaci yana fuskantar rashin, yana tunani yana kuka, wani lokaci kuma yana fuskantar rayuwa, yana aiki yana dariya da abokai, kuma wannan kai-komon shi ne lafiya. Muridi ba zai ji wannan baƙon abu ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu ƙabdu da basɗu, wato damƙewar zuciya da sakewarta, suna cewa dukkansu daga Allah suke, kamar dare da rana. Saboda haka idan ka tsinci kanka kana dariya kwana goma bayan rasuwar, ba ka ci amanar mamaci ba. Idan kuma kuka ya zo maka bayan wata shida, imaninka bai ragu ba.

Shawarwarin da masana suke maimaitawa ba su wuce waɗannan ba: ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ka kwanta a kan lokaci, ka motsa jikinka, ka yi magana da wanda ka amince da shi, kada ka yanke babbar shawara kamar barin karatu ko sayar da gona a makonnin farko, kuma ka nisanci ƙwaya. Duk wannan yana da asali a wurinmu. Nana A'isha (R.T.A) idan aka yi rasuwa a danginta, bayan mata sun watse takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, ta ce a sha, saboda ta ji Annabi yana bayanin cewa yana hutar da zuciyar mara lafiya, yana kuma rage baƙin ciki. Ashe kofin kunu ko kwanon fura da aka miƙa wa mai makoki sunna ce. Game da ƙwaya kuwa, ku ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Samari nawa ne suka fara shan tramol don su manta da wani baƙin ciki, baƙin cikin yana nan, ga kuma sabon ciwo?

Sai kuma abubuwan da ya kamata ka kiyaye.

Na ɗaya, hotunan gawa. Duk lokacin da aka kai hari ko aka yi haɗarin mota, kafin awa guda hotuna sun cika WhatsApp da Facebook. Mamaci yana da alfarma kamar yadda yake da ita yana raye, shi ya sa ake suturta shi. Kada ka buɗe, kada ka tura. Idan naka ne a ciki, ka goge, domin hoton da ka kalla sau ɗaya zai iya zama a idonka shekaru.

Na biyu, gaggawar sanarwa. An sha samun wanda ya ga hoton mahaifinsa da addu'ar rahama a ƙasa, alhali babu wanda ya kira shi. A al'adarmu dattijo ake turawa, ya zauna, ya yi gaisuwa, ya kawo zancen a hankali. Kafin ka sa sanarwar rasuwa, ka tabbata 'ya'yan mamaci da matansa da iyayensa sun ji daga bakin mutum.

Na uku, masu cin kasuwa da hawayen mutane. Za ka ga wanda yake cewa ka turo kuɗi ya gaya maka halin da mamacinka yake ciki a kabari, ko ya haɗa ka da shi a mafarki. Wannan damfara ce. Mafarki na gari gaskiya ne, kyauta ce daga Allah, ba a sayenta. In ka yi mafarki ka kai wa muƙaddaminka ko malamin da ka san tsoron Allahnsa. Haka nan saƙonnin da ake cewa ka tura wa mutum goma ko wani abu ya same ka, ba su da asali a addini.

Na huɗu, muryar mamaci. Iyayenmu da yawa ba su rubutu, saƙon murya suke aiko mana. Yau akwai samari da 'yan mata da suke da muryar mahaifiyarsu a waya tana cewa Allah Ya yi maka albarka, ka ci abinci, ka kula da karatu. Babu laifi ka ajiye, babu laifi ka saurara wani lokaci, ka bi ta da Fatiha. Abin tsoro shi ne ta zame maka wuridi, ka kwana kana maimaita ta har asuba ta kuɓuce maka. Idan ka ga haka ta fara, ka ba wani ɗan'uwa amana ya ajiye maka ita, ka cire daga wayarka zuwa wani lokaci.

Igiyar da ke hannun muridi

Allah Ya yi mana baiwar da mutane da yawa suke nema ba su samu ba. Mai baƙin ciki babban abin da yake rasawa shi ne tsarin yini, dare da rana su cakuɗe masa. Kai kuwa an riga an tsara maka. Salloli biyar cikin jam'i. Lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa tare da 'yan'uwa, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Ka riƙe waɗannan ko da ba ka jin daɗinsu. Za a yi kwanakin da harshenka yana motsi zuciyarka tana maƙabarta. Ka ci gaba. Alkawarin da ka ɗauka ranar da aka yi maka talƙini bai ce sai ranar da kake jin nishaɗi ba. In wuridi ya kuɓuce maka saboda ruɗanin kwanakin farko, ka rama, kada ka bari Shaiɗan ya ce maka tunda ya tsinke shi ke nan.

Ka lura da abin da kake faɗa. Istigfari yana wanke maka zargin kai, domin in ma akwai gazawar da ka yi wa mamaci, ga Mai gafara kana roƙo. Salati yana haɗa ka da wanda ya fi kowa sanin zafin maraici da rashin ɗa da rashin mata. Hailala kuwa tana tuna maka cewa duk abin da zuciya ta jingina da shi mai gushewa ne, ban da Allah.

Kada ka yi wazifa kai kaɗai a ɗaki alhali akwai zawiya kusa da kai. Ko kana Yamai ko Abijan ko Kumasi, da wuya ka rasa inda ake shimfiɗa farin ƙyalle bayan magariba. Ka je ka zauna, ka gaya wa muƙaddamin wurin cewa an yi maka rasuwa, a yi wa mamacinka Fatiha. Muryoyin 'yan'uwa za su ɗauke ka a ranar da taka muryar ta gaza. Sauraron karatu ko zikiri a waya yana da lada da amfani, amma waya ba ta riƙe hannunka a yi musafaha bayan an shafa.

Sannan ka ɗaukar wa mamacinka wani aiki ƙarami da za ka iya dawwama a kai. Annabi (S.A.W) ya sanar da mu cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ɗalibi ba shi da kuɗin haƙa rijiya, amma yana iya sayen buta ya ajiye a masallaci, ya cika randa, ya dasa bishiya, ya koya wa ƙaninsa karatu, ya karanta Ƙulhuwallahu bayan kowace salla ya kyautar da ladan. Ka bincika ko akwai bashi a kansa, domin wannan ya fi gaggawa a kan kowace sadaka. Ka kira aminan mahaifinka ka gaishe su, wannan yana cikin mafi girman biyayya bayan mutuwa. Kuma karatun da suka tura ka, ka kammala shi. Mahaifin da ya sayar da damman hatsi ko tunkiya don ya biya maka kuɗin mota zuwa Yamai, barin karatu ba zai faranta masa ba.

Haƙƙin mai makoki a kan zawiya

Yanzu magana ta dawo kanmu, mu da ba a yi wa rashin ba. Mun saba da rubuta "Allah Ya jiƙansa" a ƙarƙashin sanarwa mu wuce, muna ganin mun sauke nauyi. Addu'a ce mai kyau, amma zumunta a ƙafa take. In ƙafa ba ta iya zuwa saboda nisa ko tsoron hanya, to murya ta je. Ka kira shi, ka ambaci mamacin da sunansa, ka faɗi wani alherinsa da ka sani, sannan ka yi shiru ka saurara. Kada ka cika shi da wa'azi. Ya san mutuwa rigar kowa ce, wanda zai saurare shi yake nema.

Lokacin da Sayyadi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu duba kanmu: mu muke kai wa gidan makoki abinci, ko su suke cin bashi don su ciyar da mu? Taruwa don yi wa mamaci addu'a alheri ne, amma kada a taɓa dukiyar marayu, kada kuma a bar gida da bashi saboda gudun surutun mutane.

Ina roƙon kowace zawiya da kowace ƙungiyar ɗalibai 'yan faila su yi abu ɗaya mai sauƙi. Duk wanda aka yi wa rasuwa a cikinmu, a ɗora wa mutum biyu alhakinsa. Su riƙa kiransa ko ziyartarsa duk mako bayan an yi arba'in, su tuna da shi a azumin farko da Sallar farko da Mauludin farko da zai yi babu mamacin. In an ga gurbinsa a wazifa kwana uku, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa. In ɗalibi ne da mahaifinsa yake ɗaukar nauyinsa, a haɗa masa ko jika ɗaya ɗaya ne. Ga irin aikin da ya kamata rukunin WhatsApp na zawiya ya yi.

'Yan'uwa mata kuma su kula da mai takaba. Wata 4 da kwana 10 tana zaune, mai ciki kuwa har ta haihu, bayan mako biyu ƙafa ta ɗauke, a bar ta da yara da tunani. A yankinmu yanzu akwai 'yan mata ƙanana da suka zama zawarawa dare ɗaya. Sayyada Ummul Khairi Inyass, Maman Kiyota, ta nuna mana da aikinta na shekaru abin da mata za su iya idan suka haɗa kai a kan ilimi da taimakon juna. A je a zauna da mai takaba, a taya ta daka da ɗiban ruwa, a karanta mata labarin Nana Ummu Salama, wadda ta rasa Abu Salama tana ganin babu kamarsa, ta riƙe addu'ar da Annabi ya koyar ta neman lada da musanya mafi alheri, Allah Ya musanya mata da Ma'aiki da kansa.

In ciwon ya ƙi sauka

Mafi yawan mutane, da taimakon Allah da na 'yan'uwa, nauyin yana raguwa a hankali. Amma akwai wanda nasa yake daskarewa, musamman wanda aka kashe masa nasa a gabansa, ko wanda bai ga gawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin ciki mai tsawo a cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022: idan an wuce wata 6, fiye da abin da al'ada da addinin mutum suka saba, begen mamaci bai sassauta ba har ya hana shi aiki da karatu da shiga mutane. Wanda yake cikin wannan hali, ko wanda firgita take tashinsa kowane dare, ya je asibiti. Ya fara da asibitin Filinge ko wanda ya fi kusa da shi, akwai kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin tawakkali ba ne. Annabi ya umarce mu da neman magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake ji, ka ci gaba da wuridinka.

Wanda kuma zuciyarsa ta fara raya masa ya bi mamacin, ya kashe kansa, to kada ya kwana da wannan shi kaɗai. Ya gaya wa muƙaddaminsa ko ɗan'uwansa ko likita a ranar. Wanda aka gaya wa kuma kada ya tsawata masa, kada ya bar shi shi kaɗai, ya raka shi asibiti. Ceton rai ɗaya a wurin Allah babban al'amari ne.

Ya Allah, Ka jiƙan mamatanmu, na Kurfai da na Tondikandiya da Imanan da Abala da Sanam da Banibangu, waɗanda suka rasu a kan shimfiɗarsu da waɗanda aka kashe a gona da hanya da bakin aiki. Ka yalwata kaburburansu, Ka sada su da Ma'aiki. Ka sanyaya zukatan iyaye da marayu da masu takaba. Ka zama abokin hira ga wanda yake kuka shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba. Ka dawo mana da zaman lafiya a Nijar da maƙwabtanta, Ka mayar da waɗanda suka bar gidajensu. Ka tabbatar da mu a kan wuridinmu har ranar da za a shimfiɗa tabarmi saboda mu, Ka sa mu cika da kalmar shahada. Albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W), albarkar Shehu Tijjani da Shehu Ibrahim. Amin.

Wanda ya karanta, ya yi wa iyayenmu da malamanmu da dukkan musulmin da suka riga mu Fatiha.